FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Akwati Ne Ke Ba Lasifika Kaurin Murya

Ba sabon abu ba ne a ga mutum ya tara kuɗinsa na wata da watanni, ya shiga kasuwar kayan lantarki, ko ta Alaba a Ikko, ko ta Sabon Gari a Kano, ya zaɓi lasifika mai faɗin inci 15, ya juya ta, ya jinjina nauyin maganaɗisunta, ya karanta adadin wat ɗin da aka rubuta a bayanta, ya biya ba tare da dogon ciniki ba. Daga nan sai ya zarce wurin kafinta ya ce, "Malam, a haɗa mini akwati, a yi shi da kyau, a lulluɓe shi da baƙin kafet." Kafinta kuwa, da yake shi aikinsa kujera ne da gado da kabad, sai ya dubi ragowar katakon da ke jingine a shago, ya auna da ido, ya yanka, ya buga ƙusa, ya huda ramuka biyu a gaba domin ya ga haka ake yi. Ranar biki in an kunna, abin da za a ji shi ne bum, bum, bum, murya ɗaya tak ko wace waƙa aka sa, akwati yana ta kakkarwa a kan tebur, kafin a watse kuma ƙaurin waya ya tashi. Washegari mai kaya ya koma kasuwa yana rantse-rantse an sayar masa da jabu.

Alhali kuwa sau da yawa lasifikar ba ta da laifin kome. Abin da aka saya a kasuwa rabin kaya ne kawai. Ɗaya rabin shi ne akwatin, kuma shi ne aka bar wa ido da sa'a. Masanan da suka ƙare rayuwarsu a wannan fanni sun daɗe da tabbatar da cewa kaurin murya, watau abin da samari ke kira bes, ba daga yawan wat yake fitowa ba, ba kuwa daga faɗin lasifika kaɗai ba. Yana fitowa ne daga yadda lasifikar da iskar da ke cikin akwatin suka dace da juna.

Sauti dai ba kome ba ne illa motsin iska. Lasifika tana da takarda mai siffar malafa, a gindinta an naɗa siririyar waya, wayar kuma tana zaune cikin maganaɗisu. In wuta ta bi ta cikin wayar, sai takardar ta riƙa kai da komowa, tana tura iska tana janyo ta. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau shi ne a cikin rediyo da talabijin da wayar hannu. In takardar ta yi bugu da yawa cikin sakan ɗaya sai a ji siririyar murya, in ta yi kaɗan a ji mai kauri. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga bugu 20 har zuwa 20,000 a sakan. Tsirkiya mafi kauri a jikin jitar bes mai tsirkiya huɗu, bugu 41 take yi.

To, ga inda wahalar take. Takarda fuska biyu gare ta, sa'ad da gabanta ke tura iska, bayanta janye iska yake yi. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a sakan, saboda haka igiyar sauti mai bugu 10,000 tsawonta bai kai santimita uku da rabi ba, amma mai bugu 40 ta fi mita takwas da rabi. Ga gajeriyar igiya, faɗin takardar kansa ya isa katanga tsakanin gaba da baya. Ga doguwar kuwa, inci 15 ba a bakin kome yake ba. Iskar da aka tura a gaba sai kawai ta kewaya gefe ta cike gurbin da aka bari a baya, aiki ya tashi a banza, kamar wanda ya tsaya tsakiyar kogi yana kwasar ruwa a gabansa yana zubawa a bayansa. Duk mai shakka ya ciro lasifika daga akwatinta, ya rataye ta haka nan ya kunna. Zai ga takarda tana rawa iyakar ƙarfinta, amma murya ƙeƙasasshiya kamar ta gwangwani. Aikin akwati na farko ke nan, ya raba gaba da baya. Mutanen farko da babban allo suka fara, su kafa lasifika a tsakiyarsa, sai dai kafin allo ya isa ya tare igiya mai mita takwas, ya yi faɗin da babu uwargidan da za ta yarda a shigar mata da shi falo.

ISKA A KULLE

Abin da hankali zai fara bayarwa shi ne a rufe akwatin ruf, kada iska ta sami ko kafar allura. Sai dai iskar da aka kulle ba zama take yi haka kawai ba. Wanda ya taɓa toshe bakin famfon keke da yatsa ya danna, ya san yadda take turjewa ta mayar da hannu. Haka take yi wa takarda, kuma gwargwadon ƙanƙantar akwati, gwargwadon taurinta. Ko wace lasifika tana da wani adadin bugu da ta fi son rawa a kansa, kamar yadda ko wane lilo yake da nasa saurin, ƙasa da wannan adadi kuwa muryarta ja da baya take yi. Taurin iska ɗaga adadin yake yi sama. Ga misali da lissafi. Lasifikar da a sarari take rawa a bugu 30, wadda kuma laushin jikinta ya yi daidai da na iska lita 120, in aka sa ta a akwati mai lita 120 za ta koma bugu 42, in aka matse ta a mai lita 40 sai ta hau zuwa 60. Ba nan abin ya tsaya ba. In akwati ya yi mata kaɗan ƙwarai, sai ta riƙa kumbura murya a daidai wurin, tana ci gaba da rawa bayan makaɗi ya ɗauke hannunsa. Mai saye ya ji wannan kumburi a shago ya ce lalle ga bes, sai ya zauna da shi mako guda sa'an nan ya gane kansa ne ke ciwo.

Wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur shi ne ya mai da wannan cikas riba. Ba makarantar injiniya ya yi ba. Tarihin zane-zane ya karanta, ya koyi aikin rediyo a soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙi ya buɗe shagon gyara a birnin New York. Ya lura cewa abin da ke mayar da takarda mazauninta a lasifikun lokacin, watau kewayenta da ɗan yadin da ke gindinta, ba da gaskiya yake aiki ba, in takarda ta yi nisa sai ya ƙage, murya ta gurɓace. Iska kuwa daidai wa daida take turjewa. Sai ya ga dabara ita ce a sassauta wa lasifika jiki sarai, a bar iskar akwati ta riƙe ta. Matarsa ce ma ta ɗinka masa kewayen ta gwaji da yadin katifa. Ya kai wa manyan kamfanonin lasifika, suka ƙi karɓa. A 1954 shi da ɗalibinsa Henry Kloss suka kafa kamfanin Acoustic Research a Cambridge ta jihar Massachusetts, suka fitar da AR-1, lasifika mai inci 12 cikin akwatin da tsayinsa bai wuce inci 25 ba, amma yana sauka inda a dā sai akwati mai girman firji ke sauka. Zuwa 1966 kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwar lasifikun gida a Amurka nasu ne.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Domin ƙaramin akwati ya sauka ƙasa, tilas takarda ta yi nauyi, mai nauyi kuwa sai da wuta mai yawa take motsi. J. Anton Hofmann, wanda shi da Kloss da Malcolm Low suka ware suka kafa kamfanin KLH a 1957, shi ake jingina wa ƙa'idar da ta zama karatun farko ga duk mai wannan sana'a. Abu uku mai lasifika ke so: ƙaramin akwati, da bes mai zurfi, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan. Biyu kawai ake ba shi, ya zaɓa. Lissafin ma ba shi da tausayi ko kaɗan. Wanda ke son akwatinsa ya sauka daga bugu 80 zuwa 40 ba tare da ƙarin wuta ba, sai ya ninka cikinsa sau takwas. Duk sa'ad da aka raba adadin bugu biyu kuma, sai takarda ta ninka nisan tafiyarta sau huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Saboda haka in dillali ya ɗaga wani ɗan akwati kamar na sabulu ya ce zai girgiza filin ƙwallo da ƙaramin batir, ba sai an yi musu da shi ba, a ce ya kunna a waje kurum.

RAMIN DA KE KASHE LASIFIKA

Akwatin da aka fi gani a kasuwa kuwa shi ne mai rami, kuma shi aka fi ɓatawa. Yaro in ya hura bakin kwalba yakan ji ta yi kuka da murya ɗaya, in ya zuba ruwa ya kai rabi sai muryar ta sirance. Iskar da ke wuyan kwalba ita ce nauyi, wadda ke cikinta ita ce mai turjiya, su biyun ne suka haɗu suka zaɓi murya. Babban ciki da dogon wuya kauri suke bayarwa, ƙaramin ciki da faffaɗan baki zaƙi. Masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan tun wajen 1860, Albert Thuras na kamfanin Bell kuma ya nemi rajistar yin amfani da shi a akwatin lasifika a 1930, aka ba shi a 1932. Hikimar ita ce, a wajejen muryar da aka saita ramin a kanta, iskar da ke fitowa daga gare shi ƙara wa ta gaban takarda take yi, ba cinye ta ba. A daidai wurin ma ramin ne ke yin kusan dukan aikin, takarda tana hutawa, da ƙyar ake ganin motsinta. An ci moriyar bayan takarda ke nan, wanda rufaffen akwati binne shi yake yi.

Haɗarin yana ƙasa da wannan murya. Da zarar sauti ya sauka ƙasa da inda aka saita rami, ramin ya daina taimako ya zama huda kurum. Gaba da baya su koma cin juna, murya ta faɗi da saurin da ya ninka na rufaffen akwati, takarda kuma ta rasa iskar da ke riƙe da ita, ta riƙa fizga kamar tuta ranar hadari. A ɗauki akwati mai lita 60 da rami mai faɗin santimita 10. Domin a saita shi a bugu 40, ramin yana bukatar bututu mai tsawon wajen santimita 17 a cikinsa. In kafinta ya huda katako kawai ya bar shi ba bututu, akwatin ya saitu a wajen bugu 60. In ya huda biyu domin ado, abin ya kai wajen 80. Daga nan duk muryoyin jitar bes na can ƙasa, takarda za ta yi ta wahala a kansu amma ba za a ji su ba. Mai kaya ya ga bes bai fito ba ya ƙara murɗa maɓalli, amfilifaya ta ƙara turo wuta, naɗin waya ya riƙa dukan gindin maganaɗisu har ya lanƙwashe, ko ya yi zafi ya ƙone. Ramin da aka huda domin kyau shi ya kashe lasifika, amma mai shago aka zaga. In kuwa aka matse ramin ya yi siriri ƙwarai domin a rage tsawon bututu, sai iska ta riƙa huci a bakinsa kamar kububuwa.

An shafe wajen shekara talatin ana ƙera akwati mai rami da lalube, a yanka a gwada, a sake yankawa, har masu kunne suka raina shi. Sai a 1961 wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, ya nuna cewa lasifika da akwatinta suna bin lissafi ɗaya da na matatar wutar lantarki wadda injiniyoyin rediyo suka riga suka sani. Da yake a mujallar ƙasarsa ya buga, duniya ba ta farga ba sai da aka sake buga aikin a Amurka a 1971. Richard Small, wani Ba'amurke da ke bincike a Jami'ar Sydney, ya faɗaɗa shi a 1972 da 1973. Tun daga lokacin ƙera akwati ya tashi daga duba ya koma lissafi. Ko wane kamfanin kirki yana buga wasu lambobi tare da lasifikarsa, uku daga ciki su ne jigo. Fs shi ne bugun da take rawa a kansa a sarari. Vas shi ne litar iskar da laushinta ya yi daidai da nata. Qts kuma yana nuna yadda take da saurin tsayawa in an ɗauke wuta. A bisa ƙiyasi, mai Qts ƙasa da 0.4 ta fi dacewa da akwati mai rami, mai tsakanin 0.4 da 0.7 da rufaffe, wadda ta wuce haka kuwa ƙaramin akwati ba nata ba ne sam. Akwai manhajojin kwamfuta na kyauta da ake ba su lambobin nan su fitar da lita da tsawon bututu kafin a taɓa zarto. Abin takaici, mai saye ba ya tambayar su, sai wat.

Wat ɗin nan kuwa da ake ta ƙaƙaba wa ido, in a bayan lasifika aka rubuta shi, ba yawan ƙarar da za ta yi yake nufi ba, yawan wutar da za ta iya haɗiyewa ne kafin ta mutu. Lasifikar gida ta yau da kullum, cikin kashi ɗari na wutar da aka ba ta, wajen kashi ɗaya kaɗai take mayarwa sauti, saura duk zafi ne. In aka ninka wat sau biyu, ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji, sai an ninka wajen sau goma yake yarda cewa ƙara ta ninka. Ƙaryar wat ta taɓa yin yawa a Amurka har hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kafa doka a 1974 cewa sai an faɗi ƙarfin da amfilifaya ke iya riƙewa a jere, ba wanda take taɓawa cikin ƙiftawar ido ba. Dubban wat ɗin da ake bugawa a jikin kwali da haruffan PMPO ba su da wani ma'auni da kowa ya yarda da shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wanda yake son ƙara da wuta kaɗan, ƙaho ne abokinsa. Mai kiran wani daga nesa yakan haɗa tafukan hannunsa a baki, mabushin kakaki kuma da leɓe biyu kacal yake tayar da gari. Takarda nauyi gare ta, iska kuwa shafal take, in aka bar su kai tsaye kamar a daka gero ne da tsinke. Ƙaho yana tara iska a ƙuntataccen wuya, takarda ta sami abin turawa, sa'an nan ya buɗe a hankali har baki. Ƙaho mai kyau yana iya mai da kashi 20 ko fiye na wuta zuwa sauti, shi ya sa lasifikar da ke bisa hasumiyar masallaci take isar da kiran salla ga unguwa guda da ƙaramar amfilifaya da batirin mota. Sai dai a nan ma ƙa'idar Hofmann tana nan zaune. Bakin ƙaho tilas ya yi daidai da tsawon igiyar da ake so ya fitar, domin bugu 40 ana bukatar baki mai faɗin kusan mita uku. Ta masallaci bakinta wajen rabin mita ne, ƙasa da bugu 200 zuwa 300 ba ta da abin cewa. Wannan ba aibi ba ne, gama abin da ke sa a rarrabe kalmomi a can sama yake. Aibin shi ne a ɗauke ta a kai wurin talla ko gangami a ɗura mata kiɗa mai bes, ɗan faifan da ke wuyanta ya yi ta fizga har ya tsage. Kwandansa guda da mai gyara zai jona a kan wayarta domin ta tare kaurin, kuɗinta bai kai na sabon faifai ba. Paul Klipsch na garin Hope a jihar Arkansas ya yi wa girman ƙaho dabara a 1946, ya nannaɗe shi cikin akwati, ya ce a ajiye a kusurwar ɗaki, bangaye biyu da daɓe su zama ƙarashen bakinsa. Masu kiɗan titi na Kingston a Jamaika kuwa, tun daga shekarun 1950, ba su tsaya wahalar da kansu ba. Suna son zurfi, suna son ƙara, saboda haka suka sallama ƙanƙanta, suka riƙa jibga akwatuna kamar kabad-kabad ana ɗauka da babbar mota.

BA ƘWARYAR GOGE BA CE

Akwai wani kuskure da ya samo asali daga kyakkyawar niyya. Mai haɗa goge ko garaya yana neman ƙwarya ko icen da ke amsawa, masassaƙin ganga yana neman kututture mai amo, domin a kayan kiɗa jikin yana cikin muryar. Akwatin lasifika akasin haka ne, ba a so ya ce uffan. Faɗin bangayensa shida ya ninka na takarda sau da yawa, saboda haka ko ɗan motsi kaɗan suka yi, sun ƙara wa ko wace waƙa tasu muryar, mawaƙi ya koma kamar mai magana cikin randa. Gwajin ba shi da wuya: a ƙwanƙwasa gefen akwati da gaɓar yatsa. In ya amsa kamar ƙofa ko kamar ganga, da saura. In ya ce ƙis ya yi shiru kamar an taɓa dutse, ya yi. Babban akwati yana son katako mai kaurin milimita 18, da sanduna a ciki masu haɗa bango da bango, da gam a ko wace gaɓa, da sukurori maimakon ƙusa, gama ƙusa sassautawa take yi da girgiza. Garin katakon nan da ake matsewa, MDF, ba shi da amo, ya dace da akwatin da zai zauna a ɗaki, amma yana kumbura in ya sha laima, wanda ya yi damina a Ikko ko Fatakwal ba ya bukatar a gaya masa. Akwatin da za a riƙa lodawa a mota daga biki zuwa biki, filawud ya fi masa.

Turawan Ingila sun bi hanyoyi biyu mabambanta zuwa wuri ɗaya. Gilbert Briggs, mai kamfanin Wharfedale, ya riƙa yin bango biyu yana cika tsakaninsu da busasshen yashi. Injiniyoyin BBC kuwa suka zaɓi siririn filawud mai milimita 12, suka manna masa faci-facin kwalta a ciki domin ta shanye girgiza. Da wannan dabara aka yi ɗan akwatinsu LS3/5A a 1975, mai wajen lita biyar, domin motocin ɗaukar shiri a waje. Bes mai zurfi ba ya cikinsa, su ma ba su ce yana ciki ba, amma muryar mutum takan fito daga gare shi kamar mutumin yana zaune a ɗakin.

Siffa ma tana da nata. Tsakanin bangaye biyu masu fuskantar juna sauti yakan yi ta kai da komowa, in tazararsu santimita 60 ce sai ya taru a wajen bugu 286, ya dawo ta cikin takarda ya fito. In tsayi da faɗi da zurfi duk ɗaya ne, kuskure ɗaya aka yi sau uku a wuri ɗaya. Don haka ake bambanta su, a kuma shimfiɗa ulu ko auduga ko soso a ciki. A rufaffen akwati ana iya cika shi sakwa-sakwa, wanda har yakan sa lasifika ta ji kamar an ɗan ƙara mata ɗaki. A mai rami kuwa bango kawai ake liƙa wa, a bar bakin bututu a sarari. Harry Olson na kamfanin RCA ya gwada siffofi goma sha biyu a farkon shekarun 1950, ya tarar mai kama da ƙwallo ta fi ko wace ba da murya sumul, domin kaifin gefen akwati tarwatsa sauti yake yi. Ba kowa zai iya sassaƙa ƙwallo ba, amma goge kaifin gefen gaba bai fi ƙarfin ko wane kafinta ba.

Mai karatu zai iya cewa to, 'yan ƙananan lasifikun Bluetooth na zamanin nan fa, ai ana jin kauri a cikinsu? Ba su karya ƙa'ida ba, biyan kuɗinta suka yi. Wuta ta yi araha, amfilifaya ta zamani ƙarama ce kuma ba ta zafi, saboda haka aka zaɓi ƙanƙanta da zurfi aka sallama tanadin wuta. Maimakon bututu, wanda ba shi da wurin zama, sai a sa wata takarda mai nauyi wadda ba ta da waya, iskar ciki ke kaɗa ta. Wata 'yar kwamfuta kuma tana ƙara bes in murya tana ƙasa, ta janye shi a ɓoye in an ƙure. Akwai kuma wayon da ake yi wa kunne. Layin tarho na dā daga bugu 300 yake farawa, muryar namiji kuwa gindinta yana wajen bugu 100 zuwa 120, amma ba wanda ya taɓa kasa gane namiji a tarho, domin ƙwaƙwalwa tana jin rassan murya ta ƙaddara gindin da kanta. Kunne yana ruɗuwa da wannan, ƙirji ba ya ruɗuwa.

Bayan an gama da kafinta, saura wurin ajiyewa. Ɗaki ma akwati ne na biyu. Lasifikar da aka jingina da bango tana samun ƙarin kauri, wadda aka kai kusurwa ta fi samu, wani lokaci har ya yi yawa ya zama gunji. A fili kuwa ba bango, shi ya sa kayan da suka cika falo sukan zama abin tausayi a filin makaranta. Akwatunan bes in an fita da su, a ƙasa ake ajiye su, a haɗa su wuri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ba a rataye su a sanda ɗaya gabas ɗaya yamma ba. In kuwa an jona biyu aka ji bes ya ragu maimakon ya ƙaru, to an juya wayar ɗaya, tana turawa 'yar'uwarta tana ja. A cire wayoyin daga amfilifaya, a ɗauki batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi, a taɓa jar waya a kan batir, baƙa a gindinsa, a dubi takarda. In ta wannan akwati ta yunƙuro waje ta wancan ta shige ciki, a musanya wayoyin wadda ta shige.